Kwas ɗin mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta: koyon Figma ne kawai, ko akwai abin da ya fi haka?

Ɗalibar_Aji_Uku
Assalamu alaikum malamai da yayye. A zango mai zuwa akwai kwas na zaɓi kan mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta, wato HCI, da tsara fuskar manhaja bisa buƙatar mai amfani. Wasu na cewa kwas ne na koyon Figma, manhajar zana fuskar manhajoji, da zaɓen launi, abin da mutum zai koya a YouTube cikin wata guda. Wasu kuma na cewa cike yake da lissafi da nazarin halayyar ɗan Adam. Wanne ne gaskiya? Me ake koyarwa takamaimai, kuma wanda zai yi firojet ɗinsa na ƙarshe a fannin, me ake sa ran ya kawo?

Malam_Tsari
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Figma kayan aiki ne, kuma a kwas mai kyau da wuya ya ci fiye da mako biyu. Ƙashin bayan kwas ɗin abubuwa uku ne da Gould da Lewis na kamfanin IBM suka rubuta tun 1985: a san masu amfani da ayyukansu kafin a zana komai, a auna yadda mutane na gaske suke fama da abin da aka zana, sannan a gyara a sake gwadawa, a yi ta zagayowa. Ƙa'idar duniya ta ISO 9241-210, ta tsara manhaja bisa buƙatar mai amfani, ita ma a kan wannan zagayen aka gina ta.

Galibi makonnin farko kan tafi a kan ɗan Adam ɗin kansa: yadda ido yake ɗaukar abubuwan da ke kusa da juna a matsayin rukuni ɗaya, abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa na ɗan lokaci, da yadda hannu ke kaiwa ga maɓalli. Daga nan sai hanyoyin bincike, wato hira da lura da mutum a wurin aikinsa. Sai samfuri, daga na takarda zuwa wanda ake dannawa. Kashi na ƙarshe, wanda ya fi nauyi, shi ne gwaji da aunawa.

Kodan_Dare
Ni fa ban ga abin da ya kai wannan jami'a ba. Ka sa maɓalli babba, rubutu ya fito sarai, kada ka cika allo da tarkace. Duk mai hankali ya san wannan.

Injiniyar_Tsaro
Malam Kodan_Dare, ai masu hankali ne suka tsara ɗakin sarrafa tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka. A hatsarin 1979 wani bawul na rage matsi ya buɗe ya ƙi rufewa. Fitilarsa da ke gaban ma'aikata ta mutu, su kuma suka ɗauka ya rufe. Alhali abin da fitilar ke nunawa shi ne an aika umarnin rufewa, ba wai bawul ɗin ya rufe ba. Aka kwashe sama da awa biyu ruwan sanyaya injin yana zurarewa. Fitilar tana aiki daidai yadda aka ƙera ta, ana kuma ganinta sarai. Laifinta ta nuna umarni a inda mutum yake tsammanin ganin sakamako. Don Norman, masani a wannan fannin, ya yi bayani sosai kan wannan giɓin da ke tsakanin halin da na'ura take ciki da abin da mutum ya fahimta daga fuskarta. Har gobe ana maimaita shi a manhajoji: allo ya rubuta "an aika" alhali saƙon yana nan a layi cikin wayar.

Kodan_Dare
Misalin ya zauna, Hajiya. Amma tashar nukiliya daban, manhajar waya daban.

Baban_Lissafi
Kan batun lissafi: akwai shi, amma ba na tsoro ba ne. Logaridim da ƙididdiga ta matakin farko sun isa. Ɗauki dokar Fitts ta 1954, wadda ta ce lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya dogara da nisansa da faɗinsa. A sigarta da aka fi amfani da ita a HCI, a raba nisa da faɗi, a ƙara ɗaya, a ɗauki logaridim mai tushe biyu, shi ne ma'aunin wahala. Maɓalli mai faɗin fiksel 20 a nisan fiksel 300 zai ba da 16, logaridim ɗinsa 4. A faɗaɗa shi zuwa 100, sai a samu 4, logaridim ɗinsa 2. An ninka faɗi sau biyar kafin ma'aunin ya ragu da rabi. Ma'ana ƙara wa ƙaramin maɓalli ɗan girma yana da riba sosai, amma ƙara wa babba kusan asarar fili ce. "Ka sa maɓalli babba" ba zai gaya maka inda za ka tsaya ba.

Daga dokar ne kuma aka gane darajar gefen allo: kibiyar linzami ba ta iya wuce gefe, don haka abin da ke manne da gefe ba a kuskure shi. Shi ya sa menu na Macintosh, kwamfutar Apple, yake can saman allo.

Mai_Yatsa
Gyara kaɗan, Baba. Maganar gefe ta linzami ce. A allon taɓawa babu abin da zai tare yatsa, kuma gefen ne ma ya fi wuyar samu daidai. A can ana bin mafi ƙarancin girman maɓalli, a ma'aunin allo: Apple ya ce 44 a 44, Android ya ce 48 a 48, wanda ya yi kusan milimita 9 a zahiri, da tazarar 8 tsakanin maɓallai. WCAG 2.2, ƙa'idar sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, da ta fito a 2023, ta sa 24 a 24 a matsayin ƙasan ƙasa. Alamar da ake gani tana iya zama ƙarama, amma filin da ke karɓar taɓawa a kewayenta ya cika girman. Ɗalibai kan zana ƙaramar alamar rufewa a lungu su bar filinta daidai girmanta, sai mutum ya danna sau uku.

Baban_Lissafi
Haka ne, na karɓa. Ga wani lissafin da ake koyarwa, na Card da Moran da Newell, wanda ke ƙiyasta lokacin aiki tun kafin a gina komai. Danna harafi daƙiƙa 0.2 ga wanda hannunsa ya faɗa, kai kibiya ga abu 1.1, ɗauke hannu daga linzami zuwa kibod 0.4, ɗan tunani kafin mataki 1.35. A gwada da shigar da ranar haihuwa. Rubuta lambobi takwas: 0.4 da 1.35 da 1.6, jimilla 3.35. Akwatunan zaɓi uku na rana da wata da shekara: kowanne tunani ɗaya, kai kibiya sau biyu, dannawa sau biyu, 3.95 ke nan, sau uku ya zama 11.85, ban da gungura jerin shekaru.

Uwar_Gwaji
Amma a gaya wa ɗaliba sharaɗinsa: lissafin na ƙwararre ne da ba ya kuskure. Filin rubutu ya fi sauri, sai dai 03/04 wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani 4 ga Maris. Mafitar da aka fi yarda da ita filaye uku ne na rubutu, kowanne da sunansa a samansa. Lissafi zai nuna wanda ya fi sauri, ba zai nuna wanda ya fi jefa mutum cikin kuskure ba.

Sabon_Shiga_19
Ni na ji an ce menu kada ya wuce abu bakwai. Yana cikin kwas ɗin?

Malam_Tsari
Yana ciki, amma a matsayin abin da ake warwarewa. Takardar George Miller ta 1956 ta yi magana ne kan abin da mutum ke riƙewa a ka na ɗan lokaci, bakwai, ko sama ko ƙasa da biyu. Menu kuwa a gaban ido yake, ba haddace shi ake yi ba. Bincike na baya, irin na Cowan a 2001, ya ma ce adadin ya fi kusa da huɗu. Inda maganar take aiki shi ne idan ka tilasta wa mutum ya ɗauko lamba daga wani allo ya kai wani, ko menu na murya a waya inda zaɓin ke wucewa da zarar an faɗa. Wanda ya karkasa abu goma sha biyu zuwa hawa uku don gudun wuce bakwai ya ƙara wa mutane wahala ne.

Ɗalibar_Aji_Uku
Allah ya ƙara basira. To batun firojet fa? Daga ina ake farawa?

Uwar_Gwaji
Daga aikin mutane, ba daga manhaja ba. Kada take ya zama "zan gina manhajar kaza". Ya zama wane rukunin mutane ne, wane aiki suke yi, ina yake tsaya musu.

Ki fara da mutum shida zuwa goma, ki je inda suke yin aikin, ki zauna kamar ɗan koyo a gefen maigidansa: shi yana yi, ke kina kallo kina tambaya. Beyer da Holtzblatt ne suka tsara wannan hanyar a shekarun 1990. Dalilin zuwa wurin shi ne abin da mutum ya ce yana yi da abin da yake yi ba ɗaya ba ne. A hira zai ce "ina shigar da bayanan nan take". A teburinsa za ki ga takarda manne a gefen allo da lambobi a jiki, yana tarawa sai yamma ya shigar. Takardar nan ita ce buƙatar da ba zai taɓa faɗa ba.

Tambayoyi kuma su koma baya, kada su tafi gaba. "Za ka yi amfani da manhaja mai yin kaza?" kowa zai ce e, don kara. "Ba ni labarin karo na ƙarshe da ka yi wannan aikin, daga farko" shi ke fito da gaskiya. Bayan hira sai ki rubuta kowace lura a ƙaramar takarda ɗaya, ki jera masu kama da juna, ki sa wa kowane rukuni suna. Idan ana son tsari na ilimi sosai, matakai shida na Braun da Clarke na 2006 su aka fi bi wajen fitar da jigogi.

Gwanin_Takarda
Ƙari a kan na Uwar_Gwaji. Samfurin farko ya zama na takarda, da biro mai kauri, allo ɗaya a takarda ɗaya. Akwatin zaɓi da saƙon kuskure a yanka su daban a riƙa ɗorawa. Ana buƙatar mutum uku: mai jagorantar gwaji, mai rubuta lura, da wanda zai zama "kwamfuta", yana sauya takardu idan an taɓa maɓalli, kuma ba ya magana ko kaɗan. Amfaninsa biyu ne. Gyara na ɗaukar minti biyu tsakanin mai gwaji da na bayansa. Sannan mutane sun fi sakin jiki su kushe zanen da suka ga ba a wahala a kansa ba. Ki kai musu mai sheƙi, sai su tsaya kan launi su ce ya yi kyau.

Idan matsalar ta jera bayanai ce, a yi rabon kati: kati 30 zuwa 60, kowanne da abu ɗaya, mutum ya karkasa su yadda ya ga sun dace ya sa wa rukunin suna. Shi kam yana son mutane da ɗan yawa, kamar 15 zuwa sama, domin tsari ake nema a cikin amsoshin.

Hajiya_Bincike
Abin da na fi ƙi a rahotannin ɗalibai shi ne mutumin kwaikwayon nan da ake ƙirƙira, a sa masa suna da hoto da shekaru da abin da yake sha'awa, alhali ba a yi hira da kowa ba. Alan Cooper da ya yaɗa hanyar daga bincike yake fitar da su. Idan ba za ki iya nuna wace hira ce ta haifar da kowane layi ba, ki cire shi. Malami mai ido zai tambaya.

Kodan_Dare
To gwajin ai mutum biyar ne kawai, ko? Haka kowa ke cewa. Wannan ma ba ya buƙatar digiri.

Baban_Lissafi
Nan ne ake yawan zamewa. Biyar ɗin daga lissafin Nielsen da Landauer na 1993 ya fito. Sun ɗauka kowane mai gwaji yana cin karo da kashi 31 cikin ɗari na matsalolin, sai mutum biyar su gano kusan kashi 85. Amma a sauya 31 ɗin zuwa 10, wato matsalar da mutum ɗaya cikin goma ke faɗawa, biyar za su gano kashi 41 kawai, kuma sai an kai mutum 18 kafin a koma 85. Laura Faulkner ta gwada da mutum 60 a 2003, tana ɗibar biyar-biyar: wani rukunin ya gano kashi 99, wani 55 kacal. Da goma-goma mafi ƙaranci ya hau 80, da ashirin-ashirin ya kai 95.

Uwar_Gwaji
Duk da haka kada a tsorata ta, Baba. Shi Nielsen bai ce a yi biyar a tashi ba. Cewa ya yi gara biyar sau uku, ana gyara a tsakani, da goma sha biyar a zama ɗaya. Kuma biyar ga kowane rukuni ne: idan manhajar ta malamai da ɗalibai ce, rukuni biyu ke nan. Don gano matsala a gyara, biyar sun isa zagaye ɗaya. Don fitar da adadi ne ba su isa ba.

Baban_Lissafi
Mun haɗu a nan. Wanda ya rubuta "kashi 80 sun yi nasara" bayan mutum huɗu cikin biyar sun gama aiki, ainihin adadin yana iya kasancewa ko'ina daga kusan 36 zuwa 98. Gara ya rubuta "huɗu cikin biyar". Mai son kwatanta zane biyu da adadi ya nemi mutum 20 zuwa sama, kuma idan mutum ɗaya zai gwada duka biyun, rabi su fara da na farko, rabi da na biyu. In ba haka ba zane na biyu zai ci nasara don kawai an koyi aikin a na farko. Lokacin aiki kuma a ba da adadin tsakiya, wato wanda ya faɗo a tsakiya idan an jera su daga ƙarami zuwa babba, domin mutum ɗaya da ya ɓata minti tara yana iya janye matsakaicin gaba ɗaya.

Sabon_Shiga_19
Na ajiye wannan, wallahi.

Uwar_Gwaji
Ga yadda zaman gwajin yake. Minti 45 zuwa awa ɗaya, ayyuka biyar zuwa takwas, kowanne a rubuce a kati. Kada kalmar da ke jikin maɓalli ta shiga cikin umarnin. Idan kika ce "ka je saituna ka sauya kalmar sirri", kin gwada iya karatu ne kawai. Ki ce: "Kana zargin wani ya san yadda kake shiga asusunka. Yi abin da za ka yi." Tun kafin a fara ki rubuta me ake nufi da an gama aikin, da lokacin da za ki tsayar idan ya maƙale.

Ki gaya masa manhajar ake gwadawa, ba shi ba, ki roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani. In ya yi shiru, "me kake dubawa yanzu?" ya isa. In ya tambaye ki "nan zan danna?", ki mayar masa: "me kake tsammanin zai faru idan ka danna?" Mafi wuya shi ne riƙe baki lokacin da yatsansa ke yawo a kan maɓallin daidai ya wuce. Sau uku zai gifta ta kansa, ya gungura ƙasa, ya dawo, ya buɗe menu da ba ruwansa. Wannan rabin mintin shi ne sakamakon bincikenki, kuma da kin ce uffan ya lalace.

A yi gwajin share fage da mutum ɗaya kwana ɗaya kafin na gaske. Nan ake gano kati mai ruɗarwa ko hanyar da ta mutu a samfuri.

Mai_Yatsa
Kuma kada a haɗa faɗin tunani da auna lokaci a zama ɗaya. Mai magana yana tafiya a hankali. In lokaci ake so, ya yi shiru ya gama, daga baya a nuna masa bidiyon a tambaye shi.

Hajiya_Bincike
Ba wanda ya ambaci izini. Yawancin jami'o'i ba sa barin a yi bincike da mutane sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma amsarsu na iya ɗaukar makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya, a miƙa takarda tun makon farko. Ana buƙatar bayanin binciken cikin harshe mai sauƙi, takardar amincewa da sa hannu, izini na daban idan za a ɗauki murya ko bidiyo, da bayanin cewa mutum na iya fita duk lokacin da ya so. A rahoto a sa lamba maimakon suna. Kada a bari kowa ya shigar da kalmar sirrinsa ta gaske ko lambar katinsa, a ba shi na bogi a kati. Yara da marasa lafiya suna da ƙarin sharuɗɗa, wanda lokacinsa ya ƙure ya kauce musu.

Ɗalibar_Aji_Uku
Na ga ana yawan sa SUS a rahotanni. Mece ce, kuma dole ce?

Malam_Tsari
Takardar tambayoyi ce mai jimla goma da John Brooke ya haɗa a 1986, ana amsa kowace daga 1 zuwa 5. Jimlolin 1, 3, 5, 7, 9 na yabo ne, a cire ɗaya daga amsar. Na 2, 4, 6, 8, 10 na kushe ne, a cire amsar daga biyar. A tara, a ninka da 2.5, a samu maki daga sifili zuwa 100. Kurakurai biyu ke yawan faruwa: mantawa da juya jimlolin kushe, da ɗaukar makin a matsayin kashi cikin ɗari. Matsakaicinta wajen 68 ne, don haka 70 ba abin tafi ba ne, 60 kuwa ƙasa da tsaka-tsaki ne. A ba da ita nan da nan bayan ayyukan, kafin a fara hira.

Ba dole ba ce, kuma ba ta gaya miki abin da ya lalace. ISO 9241-11 ta raba sauƙin amfani uku: an cim ma aikin, da wane ƙoƙari, kuma mutum ya gamsu. SUS na ukun kawai take taɓawa. Ana samun wanda ya kasa ayyuka uku cikin biyar ya ba da maki mai tsoka don kada ya ɓata wa mai zane rai.

Sauƙi_Ga_Kowa
Kuna ta gwaji, amma da wa? Idan duk masu gwajin 'yan ajinku ne na sashen kwamfuta, masu ido lafiya da sabuwar waya, kanku kuka gwada. Kwas mai kyau yana da kashi kan masu buƙata ta musamman, kuma abubuwansa ana auna su. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari da masu zane ke so yakan faɗi a nan. Kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana: a cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance launi, galibi ja da kore, don haka filin da aka yi kuskure ya zo da rubutu, ba jan layi kawai ba.

Gwaji biyu kyauta: ajiye linzami ki bi shafin da maɓallin Tab kaɗai, ki ga ko kin san inda kike a kowane mataki. Sannan ki kunna manhajar karanta allo da murya, TalkBack ko VoiceOver ko NVDA, ki saurara. Idan ya ce "maɓalli, maɓalli, maɓalli" ba suna, makaho ya tsaya nan. Ki kuma ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 ki ga abin da ya yanke.

Gwanin_Takarda
Da tsawon rubutu idan za a fassara. Maɓallin da aka auna da gajeriyar kalmar Ingilishi zai fashe a harshe mai dogayen kalmomi, kuma Larabci yana juya allon gaba ɗaya daga dama zuwa hagu, har da kibiyar komawa baya.

Kodan_Dare
To ni tambayata ta gaske: wanda bai iya rubuta manhaja ba, zai ci kwas ɗin? Domin na ga masu gudun kod ne ke rububinsa.

Malam_Tsari
Zai ci, a mafi yawan wurare. Fannin ya haɗa 'yan kwamfuta da masu nazarin halayyar ɗan Adam da masu zane, kuma digiri na biyu da yawa suna karɓar duka ukun. Akwai ma hanyar gwada manhajar da ba a gina ba: mutum ya ɓuya yana ba da amsa a madadin na'ura, mai gwaji yana ɗauka da kwamfuta yake magana. Da ita ake gwada tsarin murya tun shekarun 1980. Bayan zaman dole a gaya masa gaskiya.

Injiniyar_Tsaro
Cin kwas daban, iya aikin daban, Malam. Wanda bai san HTML ba, harshen da ake gina shafin intanet da shi, ba zai gane me ya sa manhajar karanta allo ta tsallake maɓallinsa ba. Wanda bai san jinkirin sabar ba zai zana allon da komai ke fitowa nan take, ya manta da allon jira, da allon da babu komai a ciki tukuna, da na yankewar intanet. Iyakoki uku na lokacin jira sanannu ne: daƙiƙa 0.1 mutum na jin nan take ne, daƙiƙa 1 tunaninsa bai katse ba, daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri, sai an nuna masa ci gaban aikin. Mai zane ya san wanne daga cikinsu abinsa zai faɗa.

Hajiya_Bincike
Mu koma ga tambayar yarinyar nan. YouTube zai koya mata kayan aiki, kuma da sauri fiye da aji. Abin da ba zai ba ta ba shi ne wanda zai karanta tambayoyin hirarta ya ce wannan tana jan mutum zuwa amsa, ko ya tambaye ta ina hujjar wannan buƙatar. Amma ba kowane kwas mai wannan suna ne yake yin haka ba. Ki nemi tsarin kwas ɗin ki duba rabon maki. Idan duka jarrabawa ce ta haddace ƙa'idoji goma na Nielsen na duba sauƙin amfani da manhaja, babu aikin da za a fita a gwada da mutane, masu cewa YouTube ba su yi ƙarya ba.

Malam_Tsari
Kada dai a raina ƙa'idojin goman, Hajiya. Haddace su ne ba shi da amfani. Aiki da su kuwa yana da tsari: masu dubawa uku zuwa biyar, kowa shi kaɗai, ya bi fuskar manhajar sau biyu, ya rubuta kowace matsala da ƙa'idar da ta karya, sannan a haɗu a ba kowace maki na tsanani daga sifili zuwa 4. Yana share matsalolin da ke fili kafin a ɓata lokacin masu gwaji a kansu. Rauninsa yakan kawo abubuwan da ba su dami kowa ba a zahiri.

Kodan_Dare
Har yanzu ina ganin rabin abin mutum zai iya koya da kansa in ya samu abokai biyu masu gaskiya. Sauran rabin na ƙididdiga da izini, to, na ji.

Uwar_Gwaji
Abokai su zama masu rubuta lura, ba masu gwaji ba. Sun san abin da kake nufi tun kafin su ga allo, kuma ba za su so su kunyata ka ba. Ƙanwata, ki rubuta tambayoyin tantancewa uku ko huɗu kafin ki gayyaci kowa: yaushe rabonsa da yin wannan aikin, da wace na'ura, kuma ko yana aikin kwamfuta ko zane, in e ne a bar shi. Ki gayyaci bakwai idan biyar kike so, domin da wuya kowa ya zo. A rahoto kuma ki sa hoton zanen farko da ya faɗi kusa da wanda ya maye gurbinsa, da lurar da ta jawo sauyin a tsakaninsu.

Baban_Lissafi
In akwai kwas na ƙididdiga a zangon, ta haɗa su tare. In sai ɗaya, ni dai ƙididdigar zan ce ta fara.

Hajiya_Bincike
A'a Baba, wannan ta fara. Firojet na gano matsala da gyara ba ya buƙatar abin da ya wuce ƙirga da adadin tsakiya. Ƙididdigar ta jira har ta samu zane biyu da take son kwatantawa.